Suna Linzami Ne, Amma a Hannun Wa?

Duk wanda ya buɗe littafin baftisma na kowace majami'a a wannan yanki namu zai tarar da suna guda yana ta komowa shafi bayan shafi, wato John. Wani katekis ya rubuta shi Yohanna, wani ya rubuta Yahaya, amma galibi da Turanci aka rubuta shi, kamar yadda firistocin mishan da suka zo daga ƙasar Ailan suka saba. Babban Bishop na fari a Kaduna John McCarthy ne. Bishop na fari a Jos John Reddington ne. Kadinal John Onaiyekan ya riƙe Abuja daga 1992 zuwa 2019. Ko a kasuwa ma kakanninmu sun san sunan, domin kamfanin da suke kira Janhol, na wani ɗan kasuwar Libaful ne mai suna John Holt. Tambayar da nake so mu duba tare ita ce: shin akwai abin da ya haɗa dukan masu wannan suna ban da haruffa huɗu? In akwai, me mutum yake gāda daga takwaransa, kuma me ba ya gāda?

Asalin sunan daga Ibrananci ne, Yohanan, ma'anarsa kuwa Ubangiji ya yi alheri. Helenawa suka karɓe shi, Romawa suka karɓa daga gare su, daga nan kowace al'umma ta tanƙwara shi yadda harshenta zai iya: Faransawa suka ce Jean, mutanen Sifen suka ce Juan, Italiyawa Giovanni, Rashawa Ivan, Habashawa Yohannes, Ingilishi kuma John. Luka ya ba mu labarin yadda aka fara jayayya a kansa a gidan Zakariya da Alisabatu. A rana ta takwas dangi sun taru za su sa wa jaririn sunan ubansa, uwar ta ƙi, suka ce ai babu mai irin wannan suna a danginku, sai da uban, wanda bakinsa yake a ɗaure, ya rubuta shi a allo. Abin lura a nan shi ne, jaririn bai yi kome ba tukuna. Bai yi wa'azi ba, bai yi wa kowa baftisma ba, bai tsauta wa sarki ba. Sunan yana ba da labarin abin da Allah ya yi wa tsoho da tsohuwa waɗanda suka riga suka fid da rai ga haihuwa.

Mu ma haka sunayenmu na gida suke. Ɗanladi bai zaɓi ranar Lahadi ba, Talatu ba ta zaɓi Talata ba. Tanko ya zo ne bayan 'yan mata, Gambo ya biyo tagwaye. Suna yana faɗin abin da ya sami mutum. Kirari ne yake faɗin abin da mutum ya yi, shi kuwa kirari sai an daɗe ana tafiya kafin maroƙi ya sami abin faɗa. Yawancin rikicin da muke yi game da suna daga nan ya taso, muna ɗaukar suna kamar kirari ne.

A Ingila sunan ya yaɗu ƙwarai, har masu nazarin takardun haraji na ƙarshen ƙarni na 14 suka tarar kusan ɗaya cikin kowane maza uku John ne. Ya zama gama-gari har lauyoyinsu suka mai da John Doe sunan mutumin da babu shi, a Amurka kuma har yau da shi ake kiran gawar da ba a san mai ita ba. Duk da haka sarki ɗaya tak ya taɓa hawa gadon sarautar Ingila da wannan suna. Sun yi Henry takwas, sun yi George shida, amma John bai sami na biyu ba. Wannan Sarki John ya yi mulki daga 1199 zuwa 1216. Ɗan wansa, Arthur, wanda shi ma yake da haƙƙin sarauta, ya ɓace a hannunsa a 1203, mutanen zamanin kuwa ba su yi shakkar wanda ya kashe shi ba. A 1204 Sarkin Faransa ya ƙwace masa ƙasar Nomandi. Ya yi rigima da Paparoma Innocent III a kan naɗin Babban Bishop na Kantabari, har aka dakatar da ibada a fili a duk Ingila a 1208, aka fitar da shi kansa daga tarayyar Ikilisiya a 1209. Ya matsa wa hakimansa da haraji har suka tayar masa, suka tilasta shi ya sa hatimi a kan takardar da ake kira Magna Carta a 1215, wadda ta ce sarki ma yana ƙarƙashin doka. Gaskiya ta sa in ƙara da cewa Paparoma ya soke wannan takarda cikin 'yan watanni, domin a lokacin John ya riga ya shirya da Roma, kuma tarihi bai goyi bayan Paparoma a wannan ba. Gidan sarauta dai bai sāke naɗa wani John ba. Talakawa kuwa, manoma da maƙera da masunta, suka ci gaba da sa wa 'ya'yansu sunan, don ba sarkin suke nufi ba tun farko. A ganina talakawan sun fi fādawan fahimtar al'amarin.

Ikilisiya ita ma ta yi irin wannan gudun suna, kuma ta daɗe tana yi. Paparoma Yohanna XXII ya rasu a 1334. Bayansa aka shiga zamanin rarrabuwa, har ta kai mutum uku kowa yana cewa shi ne Paparoma. Ɗaya daga cikinsu, Baldassare Cossa, wanda aka zaɓa a 1410, ya ɗauki sunan Yohanna XXIII. Babban taron bishop-bishop na Konstans ya tuɓe shi a 1415, bayan ya sulale ya gudu daga taron a ɓoye, aka kuma jero masa laifuffuka masu yawa. Daga baya ya yi mubaya'a ga Paparoma Martin V, ya mutu a 1419, amma tabon ya riga ya zauna. Fiye da shekara ɗari biyar babu wanda ya yarda ya taɓa sunan, ko da yake shi ne sunan da Paparomomi suka fi ɗauka a dā.

Ran 28 ga Oktoba 1958 aka zaɓi Angelo Roncalli, tsoho mai shekara 76, ɗan manoma daga arewacin Italiya. Da aka tambaye shi sunan da zai ɗauka ya ce Yohanna, ya kuma ɗauki lambar nan ta XXIII da Cossa ya ɓata. Dalilan da ya bayar ba na manyan malamai ba ne: sunan mahaifinsa ne, sunan ƙaramar majami'ar ƙauyen da aka yi masa baftisma ne, kuma sunan babbar majami'ar Lateran ne, inda kujerar Bishop na Roma take. Kashegarin Kirsimeti na wannan shekara ya tafi kurkukun Roma ya gaida fursunoni. Ran 11 ga Oktoba 1962 ya buɗe Babban Taron Batikan na Biyu, wanda albarkacinsa ne yau muke yin Misa da Hausa, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana jin kowace kalma. Bai cika shekara biyar a kan kujera ba ya rasu a Yuni 1963. Amma a 1978 Paparomomi biyu a jere suka haɗa sunansa da na magajinsa suka zama Yohanna Bulus, yau kuma in aka ce Yohanna XXIII, sai masana tarihi kaɗai suke tunawa da Cossa. Ga abin da na koya daga wannan: ba a wanke suna da gudunsa. Shekara ɗari biyar na gudu ba su wanke kome ba, shekara biyar na aikin kirki suka wanke.

To, wani zai ce, ashe ke nan suna fanko ne, kamar ƙwarya, abin da aka zuba a ciki shi ne kome. Akwai hujja mai ƙarfi a bayan wannan magana, kuma mu mutanen Afirka mun fi kowa sanin ta. A 1562 wani Bature ɗan Ingila, John Hawkins, ya zo gaɓar Saliyo ya kwashi mutane wajen 300 ya kai su tsibiran Karibiyan ya sayar. Da ya komo a 1564, ɗaya daga cikin jiragensa, wanda Sarauniya Elizabeth ta ba shi aro, sunansa Jesus of Lübeck. A tsaya a yi tunani: mutum mai suna Ubangiji ya yi alheri, cikin jirgi mai sunan Yesu, da 'yan Adam a ɗaure a ƙasan jirgin. Daga baya aka ba shi sarauta, a tambarin gidansa kuwa har da hoton baƙin mutum ɗaure da igiya. Sunan bai ja masa linzami ko kaɗan ba. A Amurka wani John Brown aka rataye shi a 1859 saboda ya ɗauki makami don 'yantar da bayi, bayan shekara shida kuma wani John Wilkes Booth ya harbe Shugaba Lincoln wanda ya 'yantar da su.

Sai kuma John Newton, wanda labarinsa ya fi wuyar faɗa fiye da yadda ake faɗarsa a kan bagadi. Ana cewa hadari ya kama shi a teku a 1748, ya yi kuka ga Allah, ya tuba. Haka ne. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, bayan wannan tuba ne ya zama shugaban jirgin bayi, daga 1750 zuwa 1754, yana karanta Littafi Mai Tsarki a ɗakinsa mutane suna mutuwa a ƙarƙashin ƙafafunsa. Rashin lafiya ce ta raba shi da teku. Ya zama limamin Anglikan a 1764, ya rubuta waƙar nan Amazing Grace da ake rerawa ko'ina, amma sai a 1788 ya fito fili ya rubuta abin da idonsa ya gani da abin da hannunsa ya yi, ya mara wa masu yaƙi da cinikin bayi baya. Ya rasu a 1807, shekarar da majalisar Ingila ta haramta cinikin. Shekara arba'in tsakanin kukan farko da shaidar gaskiya. Ba na faɗin wannan don in rage masa daraja. Na faɗa ne don mu ga tsawon lokacin da mutum kan ɗauka kafin ya cim ma ma'anar sunan da aka raɗa masa yana cikin tsumma.

Wuraren ma haka suke. Kolumbus ya raɗa wa wani tsibiri suna San Juan Bautista a 1493, alhali mutanen da ya tarar a can suna da nasu sunan, Boriken. Yau babban birnin Fotoriko ne yake riƙe da sunan waliyyin. Babban birnin Antigua St John's ne, kuma da gumin bayi a gonakin rake aka gina arzikinsa. Akwai wani St John's a Kanada, garin masunta. A nan Kaduna makarantar da mishan ta kafa da sunan St John's College, bayan gwamnati ta karɓe ta, ta koma Kwalejin Rimi. Gari ba ya tsarkaka don an sa masa sunan waliyyi, makaranta kuma ba ta rasa abin da aka shuka a cikinta don an sauya allon ƙofa.

Duk da wannan ban yarda suna fanko ne ba, dalilina kuwa shi ne John Fisher. Shi Bishop ne na Rochester a Ingila, malami, mai sauƙin hali, wanda ya zauna a ɗaya daga cikin mafi talaucin dayosis na ƙasar shekara talatin bai nemi a ɗaga shi ba. Da Sarki Henry VIII ya nemi ya rabu da matarsa Catherine ya auri wata, Fisher ya tsaya gaban kotu a 1529 ya kāre auren, ya kuma ambaci takwaransa Yohanna Mai Baftisma, wanda Hirudus ya fille wa kai saboda ya tsauta masa a kan matar ɗan'uwansa. Sarkin bai rasa gane wanda ake kamanta shi da shi ba. Da sarki ya ce shi ne shugaban Ikilisiya a Ingila, sauran bishop-bishop suka sunkuya, Fisher ya ƙi. Paparoma ya naɗa shi Kadinal yana cikin kurkuku, aka fille masa kai ran 22 ga Yuni 1535, saura kwana biyu bikin haihuwar Mai Baftisma. Ikilisiya ta shigar da shi cikin waliyyai a 1935. Wannan mutum ya waiwayi sunansa a ranar da ya bukaci ƙarfin zuciya, ya tarar akwai wanda ya riga shi bin hanyar. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma gaskiya suka faɗa, sai dai linzami ba ya juya doki shi kaɗai. Hawkins da Fisher linzami iri ɗaya aka sa musu. Ɗaya ya bar shi yana reto, ɗaya ya miƙa shi ga lamirinsa. Saboda haka ne Ikilisiya take son a ba yaro waliyyin da zai yi masa roƙo, wanda kuma za a riƙa ba shi labarinsa. Uban da ya sa wa ɗansa John don sunan ya yi kama da na 'yan boko, bai taɓa gaya masa ko wane John ba ne, ko Mai Baftisma, ko manzon da ya tsaya a gindin gicciye, ya saya wa doki linzami ne ya rataye a bango.

Yanzu bari in zo ga inda takalmin yake matsa mana. In suna bai tabbatar da kirkin mai shi ba, haka nan bai tabbatar da laifinsa ba. Annabi Ezekiyel ya koyar cewa ɗa ba ya ɗaukar alhakin ubansa, balle takwara ya ɗauki na takwaransa. Amma waɗanda suka ga rikicin Kaduna na 2000 da na Jos na 2001 sun san abin da tambayar nan, yaya sunanka, ta zama a bakin samari masu tare hanya. A wannan unguwa John ne ba zai kai gida ba, a waccan unguwa Yahaya ne. Alhali John da Yahaya mutum ɗaya suke nufi, ɗan Zakariya, wanda maƙwabtanmu Musulmi suke girmamawa da sunan Annabi Yahaya. Babban masallacin Dimashƙa, wanda Halifa al-Walid ya gina a farkon ƙarni na 8 a wurin da majami'ar Yohanna Mai Baftisma take a dā, yana da hubbaren da ake cewa kan annabin yana ciki, a nan ne kuma Paparoma Yohanna Bulus II ya tsaya ya yi addu'a a Mayu 2001, karo na farko da wani Paparoma ya shiga masallaci. Wanda ya kashe Yahaya don ya rama wa John takwaran John ya kashe. Kada kuma mu yi kamar samarin wani gefe ne kaɗai suka taɓa yin wannan tambaya, domin akwai masu baftisma a cikin waɗanda suka yi ta.

Ba kullum ake kai wa ga jini ba. Sau da yawa a ofis ne, wurin neman aiki, ko gurbin makaranta, ko takardar shaidar asali, inda ake duba suna kafin a dubi sakamakon jarrabawa. Daga nan tambaya takan zo wa firist: Fada, in na rubuta Yahaya maimakon John, na yi musun bangaskiyata? Amsata ita ce, sunan kansa ba musu ba ne. Yahaya sunanka ne, da shi ma wata fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa take kiran Mai Baftisma da manzon duka biyu, ba kuma wajibi ne mutum ya kai wuyansa ga wuƙa ba. Amma in aka tambaye ka kai tsaye ko kai Kirista ne ka ce a'a, ko ka shiga yin abin da zai tabbatar wa mutane ka bar Almasihu, to, a nan ka haye iyaka, kuma ka san ka haye. Mafi girman alhaki dai yana wuyan wanda ya sa matashi ya ji tsoron sunansa, ko a wane ofis yake zaune, ko ofishin makarantar mishan ne.

Saura magana ɗaya ga iyaye, domin har yanzu wasu suna zuwa rajistar baftisma suna tsammanin dole sai da sunan Turanci. Tsoffin Dokokin Ikilisiya na 1917 sun bukaci a ba yaro sunan Kirista, in iyaye sun ƙi kuwa firist ya ƙara sunan waliyyi a littafi. Dokokin 1983 sun sassauta: doka ta 855 abin da ta ɗora wa iyaye da masu tsaya wa yaro da firist shi ne su lura kada a sa sunan da ya saɓa wa ruhun Kiristanci. Babu inda aka ambaci Turanci. Godiya suna ne na baftisma, Kyauta ma haka, Haske ma haka, balle sunayen da Bajju da Atyap da Birom da Angas suke da su masu ambaton Allah, waɗanda aka ture su gefe a wani zamani ba tare da an tambayi ma'anarsu ba. Mai son John ya sa John, amma ya zaɓi wanda yake nufi, ya kuma koya wa yaron ranarsa: 24 ga Yuni haihuwar Mai Baftisma, 29 ga Agusta shahadarsa, 27 ga Disamba manzo mai bishara, 22 ga Yuni Fisher, 11 ga Oktoba Paparoma Roncalli. Yarinyar da aka raɗa wa Alheri kuwa, in an bi ma'ana, takwarar dukansu ce, ranar 24 ga Yuni tata ce ita ma, sai a kawo ta Misa.